Mma Sahada Mai Raba Gaɓa

A kasuwar Gorton an san Mma Sahada da atamfa da leshi, amma kaɗan ne suka san bakinta na Faransanci. A Zangon Kumasi aka haife ta, ta girma a Abidjan wurin gwaggonta, inda ta yi shekara tara a makaranta kafin aure ya kawo ta Manchester.

Wata Asabar wani mutumin Katsina mai suna Uba ya zo rumfarta. Digiri na uku yake yi a Birmingham kan noman gero, zai tafi Maradi ya yi hira da jami'an gona, ga shi Faransancinsa na littafi ne. Wata 'yar'uwarta da ke unguwar Small Heath a Birmingham ce ta turo shi.

Ya buɗe takardar tambayoyinsa, ya kai kan kalmar *préféreriez*, harshe ya sarƙe. Sau uku yana gwadawa.

"Kana haɗiye ta gaba ɗaya kamar loma," in ji Mma Sahada. "Ɗana, ko yadi sai an auna ake yankawa."

Ta ɗauki sandar awonta ta buga tebur sau huɗu. "Pré. Fé. Re. Riez. Gaɓa huɗu ce. Ta ukun ka sassauta ta, kada ka danne. Wannan *r* kuwa a maƙogwaro take. Ka yi makarantar allo, ko? To, kusa take da harafin gain."

Uba ya maimaita, ta fito.

"Amma Mma, me ya sa ba zan ce *préférerez* ba? Ta fi sauƙi."

"Wannan ai ka yanke wa mutum hukunci ke nan: za ku fi so. Ka ɗauki *préférer* yadda take, ka ɗinka mata *iez* a gindi, sai ta koma: da za ku fi son kaza? Ka bar masa ƙofa a buɗe. Babban mutum ba a nuna masa hanya da yatsa."

Asabar shida yana hawo mota daga Birmingham. Tana sallamar masu saye tana gyara masa baki, ba ta taɓa duba littafi ba. Ranar da ya ce wani malami a jami'arsu ya raba kalmar nan gida uku, ko ɗago kai ba ta yi daga almakashi ba.

"In ana sauri ta ukun takan shige. Kai kuwa baƙo ne, ka faɗe ta cikakkiya."

Da ya dawo daga Maradi ya kawo mata kilishi, ya ce wani darakta ya tambaye shi a wace jami'a ya koyi lafazi. Ta yi dariya har ta dafa tebur.

Yanzu mutum biyar take koyarwa, uku daga Birmingham suke zuwa. Ta sa an ajiye benci a bayan rumfar, ta kuma ce duk mai zuwa ya iso kafin azahar, don bayan nan kasuwa take cika.