Motar da Ka Sauke Saboda Mama

Ranar Talata, 12 ga Agusta, ina ƙarƙashin wata mota a garejina Paulina ta kira ni, ta ce babanta ya rasu. Baba Azariya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda duk Kafanchan ta sani da farar Pijo 504. Na daɗe kwance a wurin ban iya fitowa ba.

Baba, da ba ni da ko sifana, kai ka fara ba ni motarka na taɓa. Ban yi boko mai nisa ba, amma ba ka taɓa yi mini magana kamar jahili ba. In na yi kuskure sai ka ce, "Meshak, sake duba." Shi ke nan.

Bara ka zo ka ce in rage wa motar tsayi. Na yi dariya, na ce wannan ai aikin samari ne masu yanga. Ka ce gwiwoyin matarka, Mama Afiniki, sun gaji, ba ta iya ɗaga ƙafa ta shiga, har ta daina zuwa coci. Muka kwance sifirin ɗin ƙafafun motar, ƙarafan nan da ke ɗaga ta sama, ka hana ni sa wuta don kada ƙarfen ya yi laushi. Da zarto na yanka, kaɗan-kaɗan, muna mayarwa, Mama tana gwada shiga. Ranar da ta zauna ba wanda ya riƙe ta, ka juya baya kana share ido, wai ƙura ce.

Na gaya maka motar ba za ta ƙara son rami ba. Ka ce kai ma ba ka so.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Asabar za a kai ka gida, can bayan Madakiya, kuma ruwan bana ya cinye hanyar daga inda kwalta ta ƙare. Mama ta ce ba ta bin gawarka sai a motarka. Na je na ga hanyar da idona. Akwai wani kwazazzabo, in ƙasan motar ya daki dutse mai ya zube, za a binne ka matarka tana zaune a daji.

Na samo wasu sifirin masu tsayi, na roƙi Mama ta bari in sa su. Ta ce, "Ɗana, in ka ɗaga ta, wa zai ɗaga ni? Bar ta yadda ya bar mini."

Na bari. Ni zan tuƙa. Jiya na kai shebur na fara cike ramin, gobe zan koma.

Ubangiji ya ji ƙanka, Baba, ya karɓe ka cikin hutunsa. Ya ƙarfafa Mama Afiniki da Paulina da dukan dangi. Ya kuma riƙe ruwan sama har mu iso da ita bakin kabarinka. Amin.

Meshak, makanikinka