Baƙin Gari da Cikin Fari

A gidanmu ba a faɗin ciki, balle na fari. Sai ya fito da kansa, mutane su gani su kawar da kai. Da wannan tarbiyya na zo Landan karatu, da ita kuma na ci gaba da shiga ɗakin gwaji da ƙaramin cikina, mijina kaɗai ya sani.

Aikina haɗa fenti ne, irin wanda ake shafa wa jiragen ruwa da ƙafafun gada don kada gishirin teku ya cinye ƙarfen. Sirrinsa wani baƙin gari ne da ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba. Tsabar ƙanƙantarsa ce ke sa ya toshe duk kafar da ruwa zai bi. Na kuma san abin da ya iya shiga wannan kafa ba zai sha wahalar shiga huhu ba.

A cikin akwatin gilashi mai zuƙe iska muke auna shi. Wata rana, warin sinadari ya tayar min da zuciya, jiri ya ɗebe ni, kwalbar garin ta suɓuce min ta faɗo waje. Wani siririn baƙin hayaƙi ya tashi, ya ɓace a gaban fuskata. Na riƙe numfashi har idona ya kawo ruwa, ƙarshe dole na shaƙa.

Shugabar ɗakin, wata dattijuwar Baturiya mai ƙa'idar tsiya, ta fitar da mu ta rufe ƙofa. Ta ce garin kaɗan ne, in kwantar da hankalina. Sannan ta tsare ni da ido, ta tambaya ko akwai abin da ya kamata ta sani.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, amma duk da haka bakina ya yi nauyi. Da Turanci na faɗa mata, don da Hausa ba zai faɗu ba.

A asibiti likita ta ce har yanzu ba a gama sanin abin da irin wannan gari ke yi wa ɗan tayi ba, sai dai mu sa ido.

Ina cikin bas ɗin Plumstead Umma ta kira daga gida.

"Na ji muryarki wani iri. Lafiya dai ko?"

Na dafe marata da hannu ɗaya.

"Lafiya lau, Umma. Aiki ne kawai."