Lambar Gatari a Jikin Laka

Jiya a Zauro na ga amalanken shanu da aka ɗora a kan tsohon gatarin babbar mota, ƙarfen nan da ke riƙe tayoyin baya. Ban san lokacin da na duƙa ina lalubar lambarsa ba. Sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Makanike ne a Birnin Kebbi, tun muna Jihar Sakkwato. Wata shekara motata ta tsaya kusa da Argungu cike da albasar mutane, boris ɗin da tayar baya ke juyawa a kansa ya ƙone. Na sayo sabo bisa sunan da ke goshin motar, ya ƙi shiga. Rana tana dukan buhuna, albasa ta fara wari.

Kawu ya zo ya shiga ƙarƙashi. Lambar gatarin tana wani lungu da ido ba ya kaiwa. Ya ce, "Ɗebo min laka ga fadama." Ya kankare tsatsa, ya manna lakar, ya ɓamɓaro ta a hankali. Lamba ta fito, amma a juye. Ya kai ta gaban madubin direba, sai ta miƙe.

"Wanga gatari ba na motakka ba ne, ga wata aka ciro shi," in ji shi. "Ƙarfe za ka tambaya asalinai, ɗana, ba fenti ba."

Aka samo boris daidai, albasa ta kai kasuwa.

Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar laka, yatsunsa nake gani, baƙi ƙirin da mai. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ƙasar da ta rufe shi ta lallaɓa shi yadda ya lallaɓa ta.