Alhaji Na-Allah da Kalma Mai Baki Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, a tsakiyar watan Rajab, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran Alhaji Na-Allah Abdulwasi'u a gidansa da ke bayan babbar kasuwar Malanville, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun ƙarshen damina. An yi masa sutura bayan la'asar. Mutanen Gaya sun ƙetaro a kwalekwale, na Guéné da na Toumboutou sun zo a kan kabu-kabu, har sahu ya fita bakin titi.

Ni ne Latifu, ƙanin matarsa Hajiya Bilki, malamin Ingilishi a kwaleji. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma duk wanda ya dube ni da kyau a maƙabarta ya ga mutumin da aka sauke wa kaya daga ka. Shekaru da dama na yi ina fargabar abu guda: kada mutuwa ta riski Alhaji alhali shi da 'yarsa Rauda ba sa magana. Allah bai nufa haka ba. Don in gode masa a kan wannan ne na ɗauki alƙalami, kuma don in gaya maka, Alhaji, abin da kunya ba ta bar ni na gaya maka kana raye ba.

Kai fa mutum ne wanda ya ci abinci da neman izini. Aikinka fito da kaya a duwan, wato kwastan, kuma tun ina yaro nake ganin ka da jakar takardu a hammata, kana zirga-zirga tsakanin ofis da bakin gadar kan iyaka. Direban da motarsa ta kwana a layi, 'yar kasuwar da aka riƙe wa buhunan albasa, baƙon da ba ya jin Dandanci ba ya jin Faransanci, duk wurinka ake tura su. Ba ka da faɗa. Sai ka zauna a benci, ka gaishe da ma'aikaci, ka tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ka yi ta zama har ya gaji da ganin ka ya sa hannu. Mutanen tasha har yau suna ba da labarin direban Gaya da ya faɗi ya mutu a nan wata Juma'a, an rufe ofisoshi, iyalinsa na kuka a wancan ƙetaren. Ka bi masu sa hannu gida-gida cikin rana, ba ka sa ko ruwa a bakinka ba sai da gawar ta haye gada. Ba ka san mutumin ba, ko sunansa sai a takarda ka gani.

Ni kaina ta hannunka na fita. Lokacin da na ce zan tafi karatun Ingilishi, tsohonmu ya ce atafau, ɗansa ba zai bar rumfar shinkafa ya je koyon yaren da ba a ciniki da shi a kasuwarmu ba. Kai ka zo ka yi masa irin zaman nan naka na benci har ya sakko. Daga ranar ka raɗa mini suna Malam Gudmoni, kuma ba ka fasa ba har furfura ta cika mini kai. Ni kuwa da yake ƙanin mata ne, ina da izinin tsokana, na yi ta ce maka yayata ka aura don ka samu tafinta kyauta.

To, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Kai da ka buɗe wa duniya hanya, da aka zo kan taka 'yar sai bakinka ya yi nauyi.

Rauda ce 'yar gaban goshinka, kowa ya sani. Da ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Turkiyya, kai ka yi mata takardu da hannunka, ka raka ta har Kwatano. Abin da ba ka shirya masa ba shi ne ranar da ta buga waya, bayan ta gama, ta ce wani abokin aikinta Baturke mai suna Nuruddini yana son ta, ita ma tana son sa, iyayensa mutanen kirki ne masu salla, kuma suna neman yardarka. A can za su zauna. Ina wurin. Ka saurare ta har ta gama. Sannan ka ce, "Na bar ki." Ka miƙa wa yaya Bilki wayar ka fita.

Duk abin da ya biyo baya daga bakin nan ya fito. Bari a Hausa baki biyu gare shi. Uwa takan bar ɗa ya je wasa, wannan yarda ce. Mutum yakan bar garin da ya ƙi shi, wannan sallamawa ce. Limamin unguwarmu da ƙaninka Faruku suka ɗauki bakin farko, Faruku ya tsaya a matsayin waliyyi, aka ɗaura aure, ba ka hana ba, ba ka kuma halarta ba. Rauda ta ɗauki na biyu. Ta ji cewa ubanta ya zare hannunsa daga kanta. Ta kira sau da yawa a farko, kana cewa a gaya mata kana aiki. Daga baya ta daina, kai kuma ka riƙe wannan a matsayin shaidar cewa ta samu abin da take so ta manta da ku.

Ta taɓa tambaya ta a waya: "Kawu, kai da kake koyar da Ingilishi, in za ka juya maganar Baba, wace kalma za ka ɗauka?" Tambayar tana da kai, domin Ingilishi ya raba abin da Hausa ta haɗa. Yana da allow, wato ba da izini, yana da leave, wato tafiya ka bar abu a baya. Shekaru ina koya wa 'yan makaranta bambancin, ina jan kunnen wanda ya cakuɗa su. Amma ranar na ce mata ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Na zo na same ka na tambaye ka. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Hausa niy yi mata. In ta mance Hausa, shi kenan." Na tashi raina a ɓace. Wallahi, Alhaji, taurin kanka ya sha ba ni haushi, kuma ba yau na fara gaya maka ba.

Sai dai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma naka ya fi na kowa zurfi. Duk ranar da yaya Bilki take waya da Rauda a ɗaki, sai ka tuna cewa rediyonka na bukatar gyara, kuma babu inda hasken gyaran yake da kyau sai ƙarƙashin tagarta. Da aka haifi Amira, jikarka, ba ka ce komai ba, amma ragon da aka yanka a gidan ranar suna ba daga sama ya faɗo ba. Mun gani, mun yi kamar ba mu gani ba.

Da ciwon ya kama ka, ɓarin jikinka ya shanye, magana ta fara yi maka wuya, sai tsoro ya shige ni sosai. Na ga bakin da muke jira ya buɗe yana shirin rufewa gaba ɗaya. Rauda tana so ta zo, tana tsoron ta zo ka juya mata baya a gaban mutane. Yaya Bilki ta rame kamar ita ce mai jinyar.

A cikin wannan hali ne Nuruddini ya kira ni. Ingilishi ne kaɗai ya haɗa mu, nawa na allo, nasa na kantin magani. Bayan ya tambayi jikinka, sai na tambaye shi, don kawai in kawar da shiru, yadda suke cewa allow a Turkanci. Ya ce suna da hanya fiye da ɗaya. Akwai müsaade etmek, ta ladabi, irin wadda baƙo yake nema in zai tashi daga zama. Akwai bırakmak, ya yi ɗan dariya mara daɗi, ya ce wannan ita ce ta cinye musu gida, domin da ita ake barin yaro ya yi wasa, da ita kuma ake barin mutum har abada. Ashe su ma suna da irin tamu mai baki biyu. Da ita Rauda ta juya masa maganarka ranar nan, shi ma bai taɓa sanin inda ta dosa ba. Sannan ya ce akwai wadda ba ta da kwana-kwana, izin vermek.

Na ce ya maimaita. Ya ce izin. Na ce mu ma izini muke cewa. Ni a Malanville shi a can, muka gano cewa Larabci ya raba mana gado tun kakanninmu ba su san juna ba.

Washegari da hantsi na zo na zauna a bakin gadonka. Ban roƙe ka komai ba, na san roƙo ba ya cin ka. Irin zamanka na benci na yi maka. Na kawo labarin kamar hirar malamai, na jera maka kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan ta ƙarshe sai ka buɗe ido.

"Mi sunka ce? Izini?"

Na ce izini, kamar namu.

"To wanga yare na mutane na." Sannan ka ce, a hankali, kana jan kowace kalma, "Latihu, ran nan ni kaina ban san wacce ni ka nuhi ba. Zuciya guda ta yarda, guda ta ƙiya. Shi ya sa niɗ ɗauko maganad da ka ɗaukar duka biyun."

Tun da nake da kai ban taɓa jin ka ce ba ka sani ba sai ranar. Ka tambaye ni yadda mutum zai ce ya riga ya bayar. Na sake kiran Nuruddini, ya ce izin verdim. Bakinka na Bahaushen gulbi ya ƙi harafin farko na verdim, kullum sai ka ce "bardim". Ka yi murmushi da rabin fuskar da ta rage maka, ka ce, "Ka gani, Gudmoni, ko can ma sai da bari ya biyo ni."

Bayan azahar yaya Bilki ta kira su ta wayar da ake ganin juna. Ta gyara maka hula, ta jingina ka da matashi. Rauda ta bayyana, mijinta a gefe, Amira a cinyarta, yarinyar da ta isa shiga makaranta ba ta taɓa jin muryar kakanta ba. Rauda ta ce, "Baba." Ka dubi surukinka, wanda ba ka taɓa yi wa magana ba, ka ce, "Izini bardim." Mutumin ya sa hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai.

Amira ce ta fara magana. Ba ta jin Hausa sosai, amma wannan ta ji shi. Ta ɗaga kai ta tambayi uwarta wani abu da Turkanci. Rauda ta share hawaye ta ce, "Baba, wai tana tambaya, izinin mene ne Kaka ya ba mu?"

Ka ce, "Hwaɗa mata biyu na. Na tahiya, da na dawowa."

Ba ka ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan. Kwanakin da suka rage, Rauda tana kira kullum, tana karanta maka Ƙur'ani kana saurare, wani lokaci barci ya ɗauke ka tana karatu. Sun fara haɗa takardun tafiya, amma ajali ya riga jirgi. Da na kira ta na gaya mata, ta yi kuka mai yawa, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, Kawu. Ubana ya rasu yana ubana." Ni ma abin da nake ta maimaitawa ke nan tun ranar.

Yanzu kai ne ka bar mu, Alhaji, kuma wannan karon babu mai tambaya ta yadda za a juya maganar. Babu ran da ke fita sai da izinin Ubangijinsa, kuma an ba ka naka. Ya Allah, ga bawanka Na-Allah, wanda ya tsaya a bakin gada ya nema wa bayinka hanya, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba. Ka buɗe masa hanya. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ya haye siraɗi ba tare da an tsayar da shi ba, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi. Amin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata Hajiya Bilki, wadda ta riƙe igiyar nan ta baki biyu har hannunta ya yi kanta, ga Faruku da sauran 'yan'uwa na nan da na Gaya, ga abokan aikinsa na bakin gada, ga Nuruddini da iyayensa. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma Rauda, uwarki ta sa an share ɗakinki an shimfiɗa sabuwar tabarma kafin sadakar arba'in. Izinin farko kin yi aiki da shi ba ki san kina da shi ba. Na biyun yana nan yana jiran ki. Ki kamo hannun Amira ku taho gida.