Ramuwata a Kan Koci Mai Usur

Ranar wata Asabar ta watan Mayu, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, ƙwallo ta karya min yatsu biyu a filin sofbol da ke bayan makarantarmu a unguwar Mount Hope. Ga wanda bai san wasan ba, fili ne mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da ɗan farin matashi da ake kira bes. A jefo miki ƙwallo ki buga da sanda, ki ruga daga bes zuwa bes, in kin zagayo gida kin ciyo wa ƙungiyarku maki ɗaya. In aka fitar da uku daga cikinku, wato awut uku, zagayenku ya ƙare. A ranar muna zagayen ƙarshe, an fi mu da maki ɗaya, an riga an fitar da biyu, kuma kowane bes akwai 'yar ƙungiyarmu tsaye tana jirana. Ko motsa sandar ban yi ba. Ƙwallon ta karkato ta daki bayan hannuna na dama, na ji wani ƙas, sandar ta faɗi, ni ma na durƙusa. Ƙwallon ta gangara gaba, mai jifar ta tsince ta, ta wurga wa ta bes na farko.

Alƙalin wasa bai zo ba a ranar, sai aka roƙi wani dattijo daga cikin iyaye ya tsaya. Bawan Allah ya buɗe baki zai ce wani abu ke nan, sai ga kocin ɗaya ƙungiyar ya taho a fusace. Ƙato ne, jajir, kullum da usur a wuya, alhali ba a busa usur a sofbol, shi ya sa mu 'yan Hausawa muke ce masa Mai Usur. Ya tsaya a kaina yana ihu da Turanci: "Hannu ai ɓangaren sanda ne! Ta buga, an riga ta zuwa, ta fita, wasa ya ƙare!" Dattijon ya dubi kocinmu, Koci Karmen, wata uwa mai kirki da ta karɓi aikin don babu wanda zai yi. Ita ma haka ta taɓa ji ana faɗa, sai ta sunkuyar da kai. Aka ce na fita.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na manta. Amma ranar ce karon farko da Baba ya zo kallona. A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti yake aiki, sai da ya yi musayar rana da abokin aikinsa, ya sa farin kaftani da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya shigo fili ya ɗaga ni, ya juya ya ce wa Mai Usur cikin natsuwa, yarinya ta ji ciwo, a bar ihu a kanta. Mutumin nan ya kwaikwayi Turancin Baba, ya maimaita maganarsa da irin lafazinmu, sannan ya ce ya je ya koyi wasan tukuna kafin ya sa baki. Wasu a benci suka yi dariya. Baba ya riƙe kafaɗata muka fita daga filin. Muka tafi asibiti, da aka gama naɗa min filasta ya ce, "Zulai, ke da wasan nan kun rabu."

Gidanmu a hawa na biyar yake, a ɗaya daga cikin dogayen gidajen nan na kusa da babban titin Grand Concourse, inda lif ya fi daɗewa a lalace a kan a gyare. Matakalar kuwa kowane hawa da ƙamshinsa, nan daddawa, can soyayyar ayaba ta mutanen Dominika, sama kuma wake da shinkafa na su Asana, ƙawata 'yar Gana da muke ƙungiya ɗaya. Aikina ne in tura keken wanki zuwa shagon injinan wanki duk ƙarshen mako, in tsince wa Umma alayyahu, in wanke tukwane, in raka ƙannena Islamiyya ran Lahadi. Da hannu ya karye duk suka gagare ni. Tuwo ma da cokali nake ci da hagu, Umma na cewa lalura ce, Allah ya gani, ni kuwa kowace loma sai ta tuna min da fuskar Mai Usur. Ban taɓa tsanar mutum ba kafin shi. Na riƙa kwanciya ina tsara yadda motarsa za ta lalace a kan gada, ko usur ɗin ya maƙale masa a maƙogwaro. Asana, da Hausarta ta Zango mai ce wa kowa "kai", takan ce min, "Kai Zulai, bar shi, sai mun yi maganin shi."

Baba ya hana ni wasa, bai hana ni kallo ba. Duk hutun zafin nan, da na gama aikin gida sai in tafi filin, in manne da shingen waya a bayan mai cafe ƙwallo. A nan na san Mis Doris, wata baƙar fata mai furfura, wadda ita ce ainihin alƙaliyar wasannin unguwar. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma sauya hukunci. Wata rana tana shan ruwa tsakanin wasa biyu, na yi ƙarfin hali na nuna mata hannuna na ba ta labari. Ta ɗauko sanda ta miƙa min a hagu, ta ce in sake ta. Sandar ta faɗi. "Hannunki ya bi ta?" Na ce a'a. Ta ce tunda ban kai duka ba, kuma hannuna ba ya saitin da ake so a jefo ƙwallon, da ta taɓa ni wasa ya tsaya, a ba ni bes na farko, kowa ta matsa gaba, ta bes na uku ta shigo gida. Wato da mun farke ke nan. Na koma gida a guje na faɗa wa Baba. Ya ajiye kofin shayinsa, ya dube ni ya ce, "Ashe zaluntar ki aka yi." Can ya ce, "In hannun ya warke ki koma. Amma duk abin da za ki yi, ki yi shi a cikin doka."

Daga ranar na zama kaska a jikin Mis Doris, kullum da tambayata. Na kuma fara leƙen Mai Usur in yana horar da 'yan matansa. A nan na ji ramin da zan tura shi. Akwai doka cewa in mai bugu ta kai duka ta kuskure karo na uku, amma ƙwallon ta taɓa ƙasa kafin mai cafewa ta riƙe ta, to mai bugun ba ta fita ba tukuna, tana iya rugawa bes na farko, sai an taɓa ta da ƙwallon ko an riga ta can. Shi kuma yana koya musu cewa muddin akwai mutum a bes na farko, wannan dokar ba ta aiki, kada ma su wahalar da kansu. Na tambayi Mis Doris. Ta ce rabin gaskiya ya sani: haka ne in ba a fitar da biyu ba, amma in an riga an fitar da biyu, ko da mutum a can, a ruga. Na haɗiye wannan magana na riƙe ta duk tsawon hunturu. Dusar ƙanƙara ta rufe filin, muka koma jifa da cafewa ni da Asana a barandar hawa na biyar da ƙwallon safa, maƙwabta na buga mana bango. Da aka dawo horo, muka koya wa sauran 'yan ƙungiyar kalmomin Hausa guda biyu, muka ce duk ranar da suka ji su daga bakina, kada wadda ta waiwaya.

Mun haɗu da su a farkon kakar wasa, damar ba ta zo ba, suka cinye mu, Mai Usur ko gane ni bai yi ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Sai a wasan da zai raba wa zai wuce zagaye na gaba Allah ya kawo ta. Zagayen ƙarshe, an fi mu da ɗaya, an fitar da biyu, Asana a bes na biyu, wata Yolanda a na farko, ni a gaban mai jifa, na riga na kuskure sau biyu. Mis Doris ce a bayana da garkuwar ƙarfe a fuska, Baba yana benci. Ƙwallon ta taho ƙasa-ƙasa, irin wadda ko makaho ba zai kai wa duka ba. Na san in mai cafewar ta miƙo hannu kawai ta taɓa ni, na kashe ƙungiyata da hannuna. Na kai duka da gangan, na tsinke iska. Ƙwallon ta daki ƙasa ta shiga safar hannun mai cafewa. Mai Usur ya daka tsalle ya busa usur ɗinsa, yarinyar ta gangarar da ƙwallon tsakiyar fili, duk 'yan ƙungiyarsu suka baro wurarensu suna rungumar juna. Koci Karmen ta dafe kai.

Na yar da sandar na kwartsa ihu: "Ku ruga!" Ban taɓa gudu irin na ranar ba, ɗankwalina yana fita ta ƙarƙashin hular kwano. Kafin mai jifarsu ta farga ta tsinci ƙwallon, Asana ta wuce na uku. Mai jifar ta wurga bes na farko inda babu kowa, ƙwallon ta yi can bakin shinge. Ina jiyo wata murya da ban taɓa jin an ɗaga ba, muryar Baba, yana tsaye a kan benci, hula a hannu: "Ruga, Zulai! Ruga, 'yar albarka!" Asana ta taka gida, Yolanda ta biyo ta. Mis Doris ta buɗe hannuwa biyu, alamar an ci.

Mai Usur ya taho kamar zai cinye ta, yana cewa akwai mutum a na farko, kowa ya san dokar. Ta bar shi ya gaji, ta ce, "Awut biyu ne, koci." Ya ƙara da zagi. Ta nuna masa ƙofar shingen da ɗan yatsa. Hanyar fitar kuwa ta gaban bencin iyayenmu take. Baba ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya jira sai da mutumin ya zo daidai shi, sannan ya ce da Turancinsa na Kano, a hankali yadda kowa zai ji, "Ka je ka koyi wasan tukuna." Na tsaya a kan bes na biyu na kalle shi har ya shiga motarsa. An sha ce min ramuwa ba ta da daɗi in an same ta. Tawa ta yi daɗi, har yau ban ji ɗacinta ba.

Yanzu ni ce ke sa garkuwar ƙarfen. Ranakun Asabar nakan hau jirgin ƙasa na layin D tun da safe, wani lokaci har in tsallaka ruwa zuwa unguwar St. George in yi alƙalanci. Kuma har gobe kociyoyi suna fito min da maganganun nan da suka gada ba su bincika ba. Wannan ya ce hannu ɓangaren sanda ne, wancan ya rantse cewa in yarinya ta wuce bes na farko ta juya hagu ta fita, alhali sai in ta nufi na biyu. Wani kuma ya ce ƙwallon da ta daki farantin gida, inda mai bugu ke tsayawa, ta lalace, bai san farantin yana cikin fili ba. Nakan yi musu bayani sau ɗaya, da ladabi. Amma wanda ya tsaya yana ihu a kan yarinyar da ke riƙe da hannunta, wannan ba ya samun bayani, ƙofa nake nuna masa.

Filin namu an shimfiɗa masa ciyawar roba, iyaye kuma ta cikin waya suke kallon 'ya'yansu. 'Yan mata masu ɗankwali sun yi yawa, ba mai waiwayensu, sai dai in ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Mis Doris ta rasu, Asana ta yi aure a Kumasi, Baba ya yi ritaya ya koma Kano. In wata ƙaramar yarinya ta zagayo gida tana haki, nakan ji ihu ya taso min har wuya, sai in danne shi in buɗe hannuwa kawai, don alƙali ba shi da ɓangare. A da ina da ɓangare, ina da maƙiyi guda, ina da mai tsaya min a kan benci. Wannan nake kewa.