Yadda Babana Ya Zama Malam Ka-da-Rumfa

Ranar Litinin ɗaya ga Oktoban 1979, ranar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, mu takwas mahaifina ya ɗura a 'yar motarsa muka kamo hanyar gida daga faretin 'yan makaranta. Rana ta take, takalmanmu da muka shafe da farar ƙasa sun koma jajaye, kowa na riƙe da 'yar tutar takarda. Shida a baya, wani kan cinyar wani. Ni da wani ɗan ajinmu muka raba kujerar gaba, shi ya zura kai ta taga yana kaɗa tuta, ni kuwa gwiwata na gogar sandar giya. Shekarata goma sha ɗaya. Duk shagon da muka wuce rediyo na tashi da zancen sabuwar gwamnati, amma ni ba ita ce a gabana ba. Gangaren da ya sauko daga gindin Gwauron Dutse zuwa unguwarmu ta Dukawuya nake tunani, don na san abin da motar nan za ta yi mini a gaban abokaina idan mun iso shi.

Mahaifina malamin firamare ne a makarantar da nake, kowa Malam yake ce masa har mu 'ya'yansa. Motar irin mai doron nan ce da ake ce wa kunkuru, injinta a baya, ta hannu ya saya. Lungunmu ya yi mata kaɗan, sai a bakin titi take kwana. Kowace Asabar, bayan na share soro na zuba wa tumakin Inna dusa, ni ke jan ruwa a rijiya in kai bokiti-bokiti in wanke ta, yaran unguwa na roƙona in bar su su goge ko da fitila ɗaya ce. A nan kam ina ji da kaina. Matsalar tana gangare. Malam bai taɓa sauko shi da birki kaɗai ba. Tun daga sama zai taka kuloci ya dawo giya ta uku, can kuma ya dawo ta biyu, sai injin ya ɗauki wani irin gurnani kamar sa ana jan sa zuwa kwata, motar ta riƙa saukowa tana tirjiya, masu keke suna wuce mu. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Birki na tsayawa ne, giya ita ce ta saukowa. Birkin da ka yi ta takawa tun daga sama zafi zai ɗauka, ka zo inda kake neman sa ya ce bai san ka ba."

Sauran direbobi ba haka suke yi ba. Da sun hau kan gangaren sai su saki mota a firi, wasu har su kashe inji don tattalin mai, ta yi ta sulalowa shiru. Haka baban Sabo yake yi da tasinsa, Sabo kuwa shi ne shugabanmu a langa da ƙwallon tsumma, kuma ya fi kowa iya ƙera motar kara. Idan muna tura motocinmu a filin makaranta lokacin tara, sai ya ce, "Ku matsa, ga motar Malam nan," ya kumbura kumatu ya yi gurnanin nan daidai, har da jijjigar kai. Kowa ya fashe da dariya, ni ma in yi tawa ta yaƙe.

To, a ranar Sabo yana cikin na baya. Muna hawa kan gangaren ya fara gurnani ƙasa-ƙasa, sauran suna ƙunshe dariya. Malam ya dawo ta uku, injin ya amsa. Da ya sake taka kuloci ya zaro sandar zai kai ta biyu, sai na sa hannu biyu na riƙe ta a tsakiya. Da gangan na yi, ba kuskure ba ne. So nake sau ɗaya tak motarmu ta sauko shiru kamar ta kowa. Ta kuwa yi shiru, ta kuma saki jiki da nauyin mutum tara ta nufi ƙasa. Malam ya fizge hannuna ya tura ta biyu, ta ƙi shiga, sai ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe. Ya danne birki, motar ta rage kaɗan ta ci gaba. A gindin gangaren akwai rumfar Ilu wanzami, dattawa zaune suna jin rediyo, bayanta kuma kududdufi cike da ruwan damina. Ban ji Malam ya yi ihu ba, salati kawai na ji. Ya ɗan taɓa totur ya samu ta uku, ya sake ya samu ta biyu, injin ya ƙwalla ƙarar da ban taɓa jin irinta ba, goshina ya bugi gilashi. Ya ja birkin hannu. Motar ta tafi tana jan ƙafa har ta dunguri dirkar rumfar, zana da kara suka rufto kan dattawa.

Babu wanda ya ji ciwo. Wani tsoho ya rarrafo waje rabin kansa a aske rabi da kumfa, Ilu ya fito da aska a hannu yana faɗa. "Haba Malam! Kullum ka cika mana kunne da kukan mota, ashe ba ka ma iya ba? Da 'ya'yan mutane a ciki!" Jama'a suka taru. Na tsaya ina jiran Malam ya nuna ni, domin ban da ni da shi babu wanda ya ga abin da hannuna ya yi. Malam ya cire hula ya share gumi ya ce, "Laifina ne, ku yi haƙuri. Giya ce ta kuɓuce mini." Ya tattare hannun riga, shi da kansa ya kafa dirkar ya ɗaure zanar, ɗalibansa suna kallo.

A gida na jira bulala har la'asar, ba ta zo ba. Ko Inna bai gaya wa ba. Abin da ya ce mini kawai, muna alwala a bakin rijiya, shi ne, "Kunyar ƙara ka ji, ka kusa jefa mu a ruwa." Kafin mako ya zagayo sunan ya bi gari: Malam Ka-da-Rumfa. Iyaye suka hana 'ya'yansu shiga motarsa, hedimasta ya daina ba shi yara idan za a fita wasa, Sabo ya ƙara faɗuwar rumfa a kan gurnaninsa. Sau nawa na buɗe baki a filin makaranta in ce ni ne, sai in tuna yadda za a mayar da waƙar kaina, in haɗiye. Malam bai fasa saukowa da giya ta biyu ba, ana nuna shi ana dariya, har motar ta tsufa.

Ranar uku da rasuwarsa, ina da furfura a gemu, Ilu wanzami ya zo gaisuwa yana dogara sanda. Bayan addu'a ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki, tuƙi ne dai Allah bai ba shi ba." Aka yi murmushi. Na gyara zama na faɗa musu gaskiya tiryan-tiryan a gaban kowa. Ilu ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗa nagari ke nan, yana rufa wa ubansa asiri." Duk tabarmar aka ce amin.

Yanzu an shimfiɗa wa gangaren kwalta, an cike kududdufin an yi shaguna, motar da nake hawa ita ke canza wa kanta giya, 'ya'yana ba su san kuloci ba. A wancan lokaci kalma biyu daga bakin yaro sun isa su wanke Malam, na hana shi su. Yau na faɗe su da babbar murya, babu mai karɓa.