Tayar da Surukina Ya Saya Mini

Ko da zan manta sunan unguwarmu, ba na jin zan manta ranar da na ɗauko surukina a babur daga Tsarnawa zuwa Badaguishiri. A lokacin aurena sabo ne, kunyarsa nake ji ta gaske. In na hango shi a bakin masallaci, sai in canza hanya.

An sa ɗaurin auren ɗan ƙanensa bayan Azahar, kuma shi ne waliyyin ango, ba a ɗaurawa sai da shi. Ya aiko cewa ni zan kai shi. Da ya zo duba babur ɗin, ya tarar tayar baya ta suɗe kamar kan sabon aski. Washegari sai ga shi daga Konni da sabuwar taya rataye a kafaɗa.

"Na ce ma mai shago ya ba ni wadda taf fi kowace ƙiba," in ji shi. "Ni ba ƙaramin mutum ba ne."

Gaskiya ya faɗa, don ƙofar zaure ma a karkace yake shigarta. Na duƙa na yi godiya, na saci kallon lambar da ke gefen tayar. Tawa 2.75-17 ce, wannan kuwa 3.50-17. Lambar ƙarshe ta yi daidai, wato za ta hau ƙarfen. Ta farko ita ce faɗi, kuma nan matsalar take. Mai faci ma ya ce mini, "Shiga kam za ta shiga, amma in anka ɗora nauyi za ta goga." Na ce ya sa kawai. Wa zai mayar wa surukinsa kyauta ya ce ba ta yi ba?

Da na gwada ni kaɗai, lafiya lau. Ranar tafiya surukin nawa, wanda nake kira Baba, ya hau da babbar rigarsa fara fat, ga kwandon goro ɗaure a baya. Na ji babur ya yi ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani rami da damina ta bari. Sai na ji daga ƙarƙashinmu, "ɓuuuut!" Doguwa, mai kauri, har da ɗan jan wutsiya a ƙarshe.

Na ƙame. Maganar mai faci ko kusa ba ta zo mini ba, don na zaci gugar taya ƙarar ƙarfe take yi. Raina ya ba ni tsoho ya karya da wake. Na kafa ido a kan kwalta kamar kurma. Shi kuwa ya yi gyaran murya.

Rami na gaba, ta sake fita, ta fi ta farko. Na ji ya ce, "Astagfirullah." A wani ƙauye muka hau tudun da ake yi don rage gudu, daidai inda mata ke sayar da albasa a bakin hanya, sai ta zo a jere kamar ana buga kalangu. Matan suka rufe baki da mayafi, wata tsohuwa ta ɗaga murya, "Sannu, Alhaji!"

Da muka wuce, ya taɓa kafaɗata.

"Yaro, in cikinka na ciwo, tsaya ka zagaya. Ba abin kunya ba ne."

To, me zan ce? In ce ba ni ba ne, na ce shi ne ke nan. Na ɗauka dattijo yana neman wanda zai rufa masa asiri, na tsaya, na karɓi butarsa, na shiga bayan wata sabara na tsuguna ba tare da ina jin komai ba. Na ɗan jima ina kallon tururuwa, na zubar da ruwan, na dawo. Ya ciro guntun kanwa daga aljihu ya ce in tsotsa. Na tsotsa.

Muka ci gaba, ƙara ba ta daina ba. Can sai wari ya biyo baya. Baba ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Tsaya! Wagga ba ta ɗan Adam ba ce!"

Muna sauka muka ga hayaƙi. Taya ta yi ta gugar murfinta da ƙarfen gefe har roba ta narke, zare ya fito, gefen rigarsa ya yi baƙi. Ya danna kujerar da hannu biyu, ya ga yadda murfin ke sauka a kan taya. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Sai ya fashe da dariya har ya zauna a gefen hanya, hularsa ta faɗi.

"Ashe ba kai ba ne! To mi kaje yi bayan sabara?"

"Na zaci ku ne, Baba."

Ya ƙara ƙyaƙyacewa har da hawaye. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Rana ta take, ga mutane na jira. Allah ya kawo wata motar ɗaukar kaya, muka tsayar da ita, aka tura Baba da kwandonsa saman buhunan gero. Ya isa ana tada salla, aka ɗaura aure da rigarsa mai tabo. Ni kuwa na tura babur da ƙafa zuwa ƙauye na gaba, inda na samo tsohuwar taya mai lambar da ta dace. Kafin in isa wurin ɗaurin auren, Baba ya riga ya ba da labarin, dattawa na ganina suka hau tambayata ya ciki.

A hanyar komawa na faɗa masa cewa tun farko na ga lambar ba ta yi ba. Ya ce, "Ka sani kay yi shiru? Da ta fashe muna gudu, kunyarka za ta ɗora mini ƙashi?"

Tun daga nan ba na sayen taya sai na karanta lambobin tsohuwar, faɗi da zagaye duka, don ƙiba ba ita ce ƙarfi ba. Na kuma gane cewa gaskiyar da za ta tsare lafiyar babba, faɗarta cikin ladabi ita ce girmamawar. Wanda ya haɗiye ta, zai tsotsi kanwar ciwon da ba nasa ba.